Gaisuwa a Tsakiyar Kwalta

A hanyar da ta taso daga Tsanyawa ta ratsa garinmu, mota ba ta wuce mota sai sun gaisa. Ban ce kowace mota ba, don kada in ɗauki alhakin baƙi masu wucewa. Amma idan direbobin sun san juna, kuma da wuya a ce ba su sani ba, kowa zai taka birki daidai tagar ɗan'uwansa, nan a tsakiyar kwalta, a miƙo hannu, a fara daga ina kwana. Faɗin hanyar kuwa mota biyu ne cif. Na baya sai haƙuri. Yakan danna hon kaɗan don a san yana nan, sannan ya kashe mota ya leƙo ya ji ko labarin da ake yi ya shafe shi.

Ni a Kano na koyi tuƙi, a makaranta, bayan na gama bautar ƙasa ina jiran aiki. Malamin da ya koya mini dattijo ne mai kaifin murya, kuma babu abin da ya tsana kamar tsayawa a kan hanya. Yakan ce motar da ta tsaya a kwalta kabari ce da ba a rufe ba. Ni dama ba na buƙatar a tsorata ni sosai. Ni ne mai kulle ɗaki, in kai ƙofar gida, in dawo in girgiza kwaɗo. Maganar nan ta shiga jikina ta zauna.

Da babban wanmu ya canza mota, sai ya aiko gida da tsohuwar motar don a riƙa kai Inna asibitin Tsanyawa awon hawan jini. Ni ne auta, ni ne mai lasin, ni ne kuma wanda ba ya zuwa ko'ina da safe, don haka makulli ya faɗo hannuna.

Wanda ya fara yi mini maraba da sana'a taubashina ne, ɗan Kawu, direban bas tsakanin garinmu da Tsanyawa. Ba zan ce bai iya tuƙi ba, domin ban taɓa jin ya jefa kowa a rami ba. Sai dai yana raba kujerarsa da fasinja, giya tana tsakanin ƙafafun mutum, shi kuma rabin jikinsa yana waje yana shan iska. Ranar da ya gan ni na ja bel na ɗaura, sai ya leƙo ta taga da fuskar tausayi.

"Malam, wa ya ɗaure ka? Faɗa mini in rama maka."

Na ce masa kariya ce.

"To wannan fitilar da ke ƙyafta ido fa?"

"Sigina ce. Hagu zan shiga."

"Ka faɗa wa duniya inda za ka. In maƙiyinka ne a baya fa?"

Na yi dariya, amma na kwana biyu ina tunanin ko akwai amsar da ya kamata in ba shi.

Duk wannan wasa ne. Abin da ba wasa ba shi ne Kawu, yayan Inna uwa ɗaya uba ɗaya, kuma su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Yana da tsohuwar akori-kura da yake ɗibar taki da buhuna da masu awo zuwa kasuwanni. Tun da na yi wayo, duk Juma'a in an sauko daga masallaci a gidanmu yake cin abincin rana, a kan tabarma a ƙofar ɗakin Inna. Inna ba mai yawan dariya ba ce, amma ranar Juma'a ana jiyo ta daga zaure.

Da damina ne muka fara haɗuwa da shi a hanya ina tuƙi. Na hango akori-kurar tana rage gudu, na ga hannun Kawu ya fito ta taga har gwiwa, tafin a buɗe. Na duba madubi, na hango tifa can baya. Wataƙila tana da nisa, amma a madubi babu tifar da ke da nisa. Sai na yi abin da na ga shi ne daidai: na kunna sigina, na ɗaga masa hannu, na ce bari in sauka gefe in dawo da ƙafa in gaishe shi a tsugune, yadda ya dace.

Matsalar ita ce a wajenmu hanya ba ta da gefe. Inda kwalta ta ƙare, nan kunyar wani ta fara. Dawa ta wannan gefe, gyaɗa ta wancan, kuma na san mai kowace gona da ubansa. Ba na iya hawa shukar mutum da taya. Na yi ta tafiya ina nema, sigina tana ta ƙyaftawa, sai a filin firamare na samu wurin tsayawa. Na kulle mota, na dawo na duba ko na kulle, na sheƙa da gudu na koma. Babu Kawu, babu akori-kura, sai ɗan ɗigon baƙin mai a inda ya tsaya.

Haka ta sake faruwa, ta kuma sake. Kowane karo ina gudu a bakin hanya da takalmi a hannu, Kawu kuwa bai taɓa ganin gudun ba. Abin da yake gani shi ne ɗan ƙanwarsa a cikin mota, a ɗaure kamar buhu, ya ɗaga masa yatsu ya wuce.

Taubashina ne ya fassara mini. Na same shi a tasha yana shan fura a tsaye.

"Kai dai ka gama da Baba," ya ce. "Ka bar masa hannu a iska, gaban masu awo. Wata tsohuwa a bayan mota ta ce masa, Alhaji mayar da hannunka kada ya bushe."

"Amma na dawo. Da gudu ma."

"Wa ya gan ka? Awaki?"

Juma'ar da ta biyo Kawu bai zo ba. Inna ta shimfiɗa tabarma, ta rufe kwanonsa da faifai, har la'asar, sannan ta naɗe tabarmar. Na gaya wa kaina wataƙila mota ce ta lalace masa. Wata Juma'ar ta zo ta wuce haka nan. Ranar ce Inna ta yi magana, kuma ba ni take kallo ba, tsintsiyar hannunta take kallo.

"Ni dai ba ni da kowa a ɗakinmu sai shi."

Washegari na je gidan Kawu. Na cire takalmi tun daga waje, na tsuguna a zaure, na gaishe shi gaisuwar da ba ta da gyara. Ya amsa duka, bai rage ko ɗaya ba, har ya sa aka kawo mini ruwa. Na fara bayani a hankali, na kawo tifa, na kawo kwana, na kawo gonakin mutane, na ce doka ce ta hana.

"Dokar ta san ni na yi rainon uwarka?"

Na ce ina jin ba ta sani ba.

"A zaure kowa ɗan kirki ne, Auta. Inda ka wuce ni, can za ka same ni."

Na koma gida da wannan. Ban ga hanyar da zan bi in dawo wa Inna da yayanta ba sai ta tsakiyar kwalta. Na yi ta lissafin wurare: miƙaƙƙiyar hanyar nan ta kusa da rijiya za ta yi, don ana hango mota daga nesa, bakin kwalbati ba zai yi ba sam. Na ma yi tunanin in roƙi taubashina ya riƙa gaya mini lokacin fitowar Kawu don in daidaita inda za mu haɗu, sai na tuna bakinsa, na fasa.

Ranar kasuwar Tsanyawa ta zo daidai da ranar asibitin Inna. Da hantsi muka fita, tana zaune a baya. Muna shan kwanar ɗorawa, wadda ita ce mafi muni a duk hanyar domin dawa ta rufe ta ta kowane gefe, sai ga akori-kura ta taho daga Tsanyawa, ta sauke kayan safe za ta koma ɗibar wasu. Inna ta ce, "Ga Yaya nan." Iyakar abin da ta ce ke nan.

Na taka birki. Na tsaya, tagata daidai tagar Kawu.

Sai dai na ce in har za a yi abin da bai dace ba, a yi shi da tsari. Na kunna siginonin nan da ke ƙyaftawa gaba ɗaya. Na ce, "Kawu, ina zuwa." Na fito na buɗe but, na ɗauko jar alamar nan mai kusurwa uku, na ruga bayan kwana na kafa ta. Ɗaya ce gare ni, don haka na karyo rassan dalbejiya na ruga ɗaya gefen, bayan motar Kawu, na jera su a kan kwalta. Duk wannan lokaci hannun Kawu yana waje, yana bin zirga-zirgata da ido. Na dawo ina haki, na zauna, na kashe injin don in ji shi sosai, na kama hannunsa da hannu biyu.

"Kawu, ina kwana."

"Lafiya lau. An tashi lafiya?"

"Lafiya lau."

"Ya gajiya?"

"Ba gajiya."

"Na ga kana haki."

"Ba komai, Kawu."

"Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara."

Ya gyara zama, ya jingina kafaɗa da ƙofa, sai na gane bashin gaisuwar da ke kaina duka yau za a biya. Ya tambayi babban wanmu, ya tambayi matarsa, ya bi 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya. Ya tambayi tumakin gida. Ya tambayi masu ba da aiki, ko sun farka.

"Ya uwar taka?"

"Ga ta nan a baya, Kawu."

"Na gan ta. Kai nake tambaya."

Ta bayan motarsa na hango bas ta iso ta tsaya a kan rassana, cike da 'yan kasuwa, da kwandunan tumatir a sama. Taubashina ne. Hannunsa ya tafi wajen hon, sai ya gane motar wa ke gabansa, ya mayar da hannun ya sosa ƙeya.

Abin da ban lissafa ba shi ne, a wajenmu ba wanda ke zuba ganye a kwalta don zai gaisa. Ganye a hanya mota ce ta mutu. Ga jar alama, ga fitilu suna ƙyaftawa, ga injin a kashe. Mutanen da ke maimai a gonakin kusa suka ajiye fartanyoyi suka fito daga cikin dawa, majiya ƙarfi, da wani dattijo mai malafa a gabansu.

"Sannu Malam," dattijon ya ce ta ɗaya tagar. "Batir ne?"

Na juya zan ce masa lafiyarta ƙalau, sai Kawu ya ce, "Ya ciwon ƙafar gwaggonka ta Kunci?" Inna kuma ta ce daga baya, "Amsa wa kawunka." Ba a katse babba a tsakiyar gaisuwa a juya ga wani. Na ce, "Da sauƙi, Kawu." Kafin in rufe baki na ji mota ta motsa.

"Sa ta a giya ta biyu, Malam," in ji dattijon. "In na ce saki, ka saki kuloci."

Birkin hannun motar nan tun a hannun wanmu ya yi ritaya. Na danna na ƙafa. Mutanen suka ji ta cije, sai suka ƙara ƙarfi, wani ya ce bismillah, na ga a madubi dattijon ya kafa ƙirjinsa a but, jijiyar wuyansa ta tashi. Na ji tsoro kada wani abu ya tsinke masa a kaina. Na kuma ji kunyar in ce wa mutanen da suka bar nomansu domina su daina. Na ɗaga ƙafa.

Hannun Kawu ya zame daga nawa. Tagarsa ta fara tafiya baya a hankali. Ina gani da idona ina wuce Kawu, a gaban Inna, a gaban bas cike da mutane, kuma wannan karon har da masu taya ni.

"Kawu, ba ni ba ne," na ce, kaina a waje. "Wallahi tura ni ake."

Ban san me zai yi ba. Na ɗauka zai tayar da mota ya tafi, Juma'a kuma ta tafi ke nan. Sai na ji akori-kura ta yi tari ta tashi, giya ta yi ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, ga Kawu ya taho da baya. Motarsa ba ta da madubi ko ɗaya, kuma bai waiwaya ba. Ya daidaita tagarsa da tawa, ya sake miƙo hannu, muna tafiya tare, ni gaba shi baya.

"Ban gama ba. Ya limamin unguwarku?"

"Yana lafiya, Kawu. Kawu, akwai bas a bayanka."

"Ta san hanya. Ya kaji?"

Taubashina ya ga bayan motar mahaifinsa yana nufo shi. Ba dama ya yi wa Baba hon. Fasinjoji suka fara, "Direba, baya, baya." Wanda ke raba kujera da shi ya ɗage ƙafa aka samu giya, bas ta fara ja da baya, tumatir yana rawa a sama. Baburan da ke bayanta suka juya da ƙafa kamar zabi. Dattijo mai malafa yana ta cewa, "Saki, Malam, saki," ni kuwa hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya a hannun Kawu, ina ba da labarin kaji. Wata mata a cikin bas ta leƙo tana tambaya ko duk garin ne aka fasa komawa gida. Daga kujerar baya na ji wani sauti da na kwana biyu ban ji ba. Inna ce, ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna girgiza.

Ba zan iya cewa ga tsawon da muka yi a haka ba. A raina ya kai Tsanyawa, amma ina jin bai wuce gona biyu ba. Allah ya taimake mu akwai masussuka a bakin hanya, fili mai tauri da ba a shuka komai, kuma da damina babu kowa a kai. Dattijon ya ce a sauka nan a duba ta. Na karya sitiyari na gangara. Kawu ya karya nasa ya biyo ni da baya, bai saki hannuna ba sai da ƙarfen taga ya kusa raba mu, muka tsaya a ƙarƙashin wata tsamiya, taga da taga, taya takwas duka a ƙasa.

Hanya ta buɗe. Taubashina ya zo wucewa, ya rage gudu, ya leƙo.

"Malam, Allah ya ba ka aiki. Mai nisa."

Na murɗa makulli don in nuna wa masu turi lafiyar mota, ta tashi nan take. Dattijon ya share zufa da malafarsa, ya dubi sauran.

"Na faɗa muku batir ne."

Na yi musu godiya sosai. Har yau ban tabbata ba ko shirun da na yi ya shiga sahun ƙarya. Na tambayi wani malami daga baya, dariya kawai ya yi mini.

Kawu ya fito daga mota yana goge ido da hannun riga, ya zo ya dafa tagar Inna.

"Ke kika haifi wannan?"

"Kai ne kawunsa. An ce ɗa yana ɗauko dangin uwa."

"Ni ban taɓa zuba wa gaisuwa ganye ba."

Suka shiga zancensu kamar jiya suka rabu. Na bar su na koma ɗauko alamata. A bayan kwana na tarar da motoci biyu sun tsaya taga da taga, daidai inda muka tashi, suna gaisawa cikin kwanciyar hankali. Na sunkuya zan ɗauka, ɗaya direban ya ce, "Malam, bari mu gama. Abin nan yana da amfani." Na tsaya na jira su, ina ɗaga wa masu zuwa hannu su rage gudu.

Da na dawo na ga ran Kawu fari, sai na yi ƙarfin hali.

"Kawu, da za ka yarda, in mun sake haɗuwa mu riƙa lallaɓawa zuwa inda za mu sauka gefe. In babu damuwa."

Ya dubi inuwar tsamiyar, ya dubi kwalta.

"Taya biyu a ƙasa, biyu a kwalta."

"Da dai huɗun, Kawu."

"Biyu. Hanyar ta gwamnati ce, ina da rabo a ciki."

"Karɓi, Auta," Inna ta ce.

Na karɓa. Har yanzu ina ganin tsayawa a tsakiyar hanya ba daidai ba ne, kuma ina faɗa wa duk wanda zai saurara, ko da yake ba su da yawa. Na san wata rana tifa za ta shawo kwanar nan direbanta bai san kowa ba. Ina roƙon Allah ranar ta tarar da hanya babu kowa.

Ranar Juma'a Kawu bai jira an sauko ba. Tun kafin kiran farko ya iso, ya ajiye akori-kura, ya buɗe gaban motarmu ya zauna, ya ce in kai shi masallaci ya ga abin da aka koya mini a birni. Ba mu yi nisa ba sai ga wani amininsa a mota. Kawu ya ce in tsaya. Na lallaɓa na sauke taya biyu a bakin wata gona, a tsakanin kunya da kunya, ina ba mai gonar haƙuri a zuci. Kawu ya miƙa hannu ta gaban hancina ya fita ta tagata, suka fara daga ina wuni, ni kuma idona yana kan madubi. Mun tarar liman ya hau mumbari. Da aka idar Kawu ya riga ni zuwa wajen mota, ya ce in yi sauri, ƙanwarsa tana jiransa.